Amfilifayar jita mai wat 5 za ta iya kisa ko da an zare fulogi?

"Malam, barka da aiki. Ina kaɗa jita, kuma na taɓa haɗa ƙananan na'urorin sauya sauti masu aiki da batir na bolt 9. Yanzu ina so in haɗa amfilifaya mai bawul da hannuna, irin ƙaramar nan ta Fender Champ mai wat 5. Sai wani ya ce mini abin zai iya kashe ni ko da na zare fulogi daga bango. Gaskiya ne ko tsoratarwa ce kawai? Ai wat 5 ne kacal. Me ya kamata in sani kafin in sa hannu?"

Ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka haka ya yi maka alheri, kuma bai ƙara gishiri ba. Tambayarka ta kasu biyu ne a wurina. Akwai haɗarin da ke kanka lokacin da akwatin yake buɗe a kan teburinka, akwai kuma haɗarin da za ka iya rufewa a cikin akwatin ka miƙa wa duk wanda zai taɓa igiyoyin jita nan da shekara goma. Masu farawa sukan ji labarin na farko su tsorata, amma na biyun da wuya a ba su labarinsa, alhali shi ne ke samun mutumin da bai ji ba bai gani ba.

Bari mu fara kawar da maganar wat 5. Wat ɗin nan ƙarfin sautin da ke isa lasifika ne, ba shi da alaƙa da abin da ke yawo a cikin akwati. Bawul, wato kwalbar nan da ke ɗaukar zafi tana haske, ba ya aiki sai an ba shi wuta mai ƙarfin gaske. Champ samfurin 5F1 na shekarun 1950 bawul uku gare ta, 12AX7 da 6V6 da 5Y3, kuma wutar da ke kan babban layinta, wanda masu sana'a ke kira B+, tana kaiwa wajen bolt 350 na DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Manyan amfilifayoyi masu wat 50 ko 100 sukan kai 450 zuwa 500. Ka ga tazarar ba wata mai yawa ba ce. Raina kama ka ga gayya: ƙaramar da babbar duk gida ɗaya suke a wajen kisa.

Abin da ke illata jiki kuwa shi ne yawan wutar da ta ratsa shi. Miliamfiya 1 mutum zai ji ɗan tsiki. Wajen miliamfiya 10 na wutar AC, wato irin ta bango, tsokar hannu na iya damƙewa, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100, in ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, shi ya sa batir na bolt 9 bai taɓa yi maka komai ba. Amma a ɗaruruwan bolt fata ba ta iya tarewa, wutar na huda ta, sai ya rage tsoka da jini, waɗanda turjiyarsu daga hannu zuwa hannu ba ta wuce om 1,000 ko kusa da haka ba. Raba 350 da 1,000, ka sami miliamfiya 350. Lissafin ke nan, ba sai an ƙara komai ba.

Wutar da ke kwana a cikin kafasita

Yanzu ga batun zare fulogi. A bayan bawul ɗin da ke mayar da AC zuwa DC, wato 5Y3, akwai manyan kafasita, wasu na ce musu kondensa, aikinsu su tara wuta su lallashe ta don kada lasifika ta riƙa gurnani. Tulu ne, kuma tulu ba ya zubar da ruwansa don an rufe famfo. Kafasita mai maikurofarad 47 da aka cika zuwa bolt 450 tana riƙe da kusan jul 5. In ta juye a yatsanka za ta ƙona fata, ta fizge hannunka da ƙarfin da ba ka san kana da shi ba, kuma in hanyarta ta bi ta ƙirji komai na iya faruwa. Raunukan da na fi gani a wurin masu koyo ma na fizgar ne: bayan hannu ya daki kaifin casis, wato ƙarfen da ake ɗaure kayan amfilifaya a jikinsa, ya tsage, ko gwiwar hannu ta ture ƙarfen narka dalma ya faɗo a cinya.

Akwai wani abu da ke yaudarar mutane a nan, kuma ina so ka fahimce shi da kyau. Idan ka kashe amfilifaya bawul ɗinta na da zafi, su da kansu sukan ci gaba da shan wuta na 'yan daƙiƙu har su kwashe mafi yawan abin da ke cikin kafasita. Mutum ya gwada sau goma ya ga babu wuta, sai ya ɗauka haka abin yake kullum. Ranar da ya cire bawul don gwaji, ko ya kunna ya kashe kafin su yi zafi, ko makunnin jiran nan da ake rubuta wa Standby ya raba kafasita da bawul, babu mai shan wutar, tana nan daram. Na taɓa barin wata amfilifaya a kan tebur da yamma bayan na cire bawul ɗinta, fulogi a zare. Washegari da safe na ɗora mita kafin in taɓa, ta nuna mini sama da bolt 200. Da na amince da cewa ai ta kwana a kashe, da hannuna ne zai yi awon.

Saboda haka kafin ka sayi taransifoma, ka haɗa sandar sauke wuta. Razista ce, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 47, wat 5, a haɗa mata waya mai kauri a kowane gefe, a rufe ta ruf da robar da ke tsukewa da zafi. Gefe ɗaya matsi mai bakin kada wanda za ka maƙala a jikin casis, ɗaya gefen tsinke mai mariƙin roba. Ka zare fulogi, ka maƙala matsin tukuna, sannan da hannu ɗaya ka ɗora tsinken a ƙafar kafasita ta farko mai alamar tarawa, ka ƙirga ashirin. Ka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka auna da mita, sai ka ga ƙasa da bolt 10 kafin yatsa ya shiga. Gani ya kori ji. Ita ma mitar ka fara gwada ta a kan batir, domin mita mai tsinkakkiyar waya sifili take nunawa a kan komai.

Kada ka yi abin da za ka ga wasu na yi, su sa sukudireba su haɗa ƙafar kafasita da casis har ta yi tartsatsi. Yana cinye bakin ƙarfen, yana lahanta kafasitar, yana watsa ɓurɓushin narkakken ƙarfe zuwa ido. Kuma kafasita tana da wata ɗabi'a: bayan an sauke ta, in aka bar ta, sai wani ɓangare na wutar ya sake tasowa. Don haka ni idan zan daɗe ina aiki, nakan bar razistar a maƙale tsakanin B+ da casis. Sai dai in ɗaura jan ƙyalle a fulogin, don in tuna in cire ta kafin in kunna.

A cikin amfilifayar kanta kuma ka saka razista mai tsiyayar da wuta ta dindindin, kilo-om 220, daga B+ zuwa casis. A bolt 450 tana cin kusan wat 1, don haka ka sa mai wat 2 ko 3. Da kafasita mai maikurofarad 47, cikin minti ɗaya ta kwashe kusan komai. Tsoffin zane-zanen da yawa ba su da ita, kai ka ƙara, ba za ta taɓa sautinka ba. Amma razista na iya ƙonewa ta yanke ba tare da wata alama ba, don haka ko tana nan, mita ce mai shaida.

Idan dole a auna tana kunne

Ba makawa za ka buɗe ta tana aiki, domin sai da wuta ake duba ko adadin bolt ya yi daidai da zane. Tsohuwar ƙa'idar masu gyaran rediyo ita ce hannu ɗaya a aljihu. Dalilinta shi ne mafi munin hanya ita ce daga hannu zuwa hannu, ta tsakiyar ƙirji, kuma haka take faruwa: hagu ya dafa casis don ya daidaita shi, dama ya zame ya taɓa ƙafa ta 3 ta gurbin 6V6, wadda ke ɗauke da babbar wutar. Baƙin tsinken mita ka maƙala shi a casis da matsi tun tana kashe, jan tsinken kaɗai za ka riƙe. Wanda ya fi ma, ka maƙala duka biyun, ka janye hannu, sannan ka kunna ka karanta. Ka rufe jikin tsinken da roba ya rage ɗan bakinsa kawai, don kada ya gada ƙafafu biyu.

Cire zobe, agogon ƙarfe da sarƙa. Sa takalmi mai tafin roba, kada ka tsaya a danshi, kada ka rataya jita a wuya kana leƙa ciki, domin igiyoyinta a haɗe suke da casis, ka zama ka ba wutar hanya da kanka. In kana so ka taɓa waya don neman inda ya saki, yi da busasshen tsinken katako. Fensir bai dace ba, wutar lantarki na bi ta bakinsa.

Mitarka ta zama wadda aka yi don bolt 600 aƙalla, da wayoyinta. Ka lura cewa taransifoma mai fitar da 325 a kowane gefe, tsakanin jajayen wayoyinta biyu akwai bolt 650 na AC, don haka kowacce ka auna ta da casis, kada ka auna tsakaninsu. Ga kuma wani tarko da ke cikin ainihin amfilifayar da ka zaɓa. Wayoyi biyu, galibi ruwan ɗorawa, suna kai bolt 5 don ɗumama 5Y3. Mai koyo ya ga an rubuta bolt 5 sai ya saki jiki. Amma a wannan bawul zaren ɗumamar shi ne kuma inda B+ ke fita, a ƙafa ta 8. Tsakanin wayoyin biyu bolt 5 ne, tsakanin kowacce da casis kuwa 350 ne.

Soket mai na'urar yanke wuta idan ta zurara, wadda ake kira RCD a Turai mai yankewa a miliamfiya 30, ko GFCI a Amurka mai yankewa a wajen 5, abu ne da nake so ya kasance a kowane teburin aiki. Sai dai ka san iyakarta. Tana kare ka daga wutar bango. Wutar da ke bayan taransifoma, tsakanin B+ da casis, ba ta ganin ta sam, domin a wurinta abin da ya shiga daidai yake da abin da ya fita. Fiyus ma ba don jikinka aka sa shi ba, don gobara ne. Wutar da za ta tsayar da zuciya ba ta isa ta narka fiyus mai amfiya 1 ba.

Wayar da ba ta ƙara wa sauti komai

Nan ne na fi son ka ba ni hankalinka. A jitar lantarki, igiyoyi suna haɗe da gadar jita, gadar tana haɗe da garkuwar kebul, garkuwar tana haɗe da casis ɗin amfilifaya. Wato makaɗi yana riƙe da casis ɗinka da yatsu masu gumi muddin yana kiɗa. In waya mai wuta ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfe, ko rufin taransifoma ya lalace, abin da ke tsakaninsa da wutar bango shi ne wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke ce wa atin. Tana nan lafiya, wutar za ta bi ta cikinta da yawa fiyus ya ƙone nan take. Babu ita, casis zai zauna da wuta shiru yana jiran wanda zai riƙe igiya da hannu ɗaya ya taɓa makirufo ko wani ƙarfe da ɗayan.

An rasa mutane ta irin wannan hanya. Les Harvey, makaɗin jitar ƙungiyar Stone the Crows, wuta ta kashe shi a kan dandamali a Swansea a 1972 lokacin da ya taɓa makirufo marar atin. Keith Relf, mawaƙin Yardbirds, ya mutu a gidansa a 1976 yana kaɗa jitar lantarki. Ba masu haɗa amfilifaya ba ne, kayan da suka amince da su ne suka ci amanarsu.

Don haka fulogi mai ƙafa uku, babu ja-in-ja. Wayar atin, kore a Amurka, kore da ruwan ɗorawa a Turai da ƙasashe da dama, ta tafi kai tsaye zuwa casis kusa da inda kebul ya shigo. A matse mata zobe a baki, a ɗaure ta da nata sukuru da noti da wasa mai haƙora, a kan ƙarfen da aka kankare wa fenti. Kada ta yi tarayya da sukurun da ke riƙe taransifoma, don wata rana wani zai kwance shi. Ka bar ta ta fi sauran wayoyin biyu tsawo, yadda in aka fizgi kebul ita ce ta ƙarshen tsinkewa. Waya mai wuta ta fara shiga fiyus, sannan makunni, sannan taransifoma, kuma duk ƙafafun da ke ɗauke da wutar bango a rufe su da roba. Fiyus ya zama mai jinkirin ƙonewa, na adadin da ya dace da taransifomarka da wutar ƙasarku. Wanda zane ya rubuta don bolt 120 ya yi yawa a 230, kusan rabinsa ake buƙata. Idan ka gama, ka auna tsakanin ƙafar atin ta fulogi da casis, sannan da bakin soket ɗin jita. Mita ta nuna ƙasa da om 1.

Idan amfilifaya na gurnani, za ka sami mai ba ka shawara ka yanke atin, kuma sau da yawa gurnanin zai ragu. Kada ka yarda ko na minti ɗaya. Gurnani matsalar tsarin wayoyi ce, a can ake gyara ta.

Tunda kwafin tsohon zane za ka yi, ka san cewa an zana su ne a zamanin fulogi mai ƙafa biyu. A da yawansu akwai wata kafasita, galibi maikurofarad 0.047, daga layin wutar bango zuwa casis, wani lokaci da makunnin juya ta. Masu gyara suna kiran ta kafasitar mutuwa, domin in ta lalace ta haɗe, casis ya zama waya mai wuta. Kada ka saka ta. Akwai kuma wasu ƙananan amfilifayoyi masu araha na wancan zamani da ba su da taransifomar wuta kwata-kwata, kai tsaye suke sha daga bango, za ka gane su da bawul irin 50C5 da 35W4. In ka ga zane irin wannan ka wuce shi, komai sauƙinsa.

Ranar kunnawa ta farko

Kafin ka kunna, ka kwana tukuna. Washegari ka ɗauki zane da alƙalami mai launi, ka bi kowace waya kana shafa mata launi in ka tabbatar da ita. Ka fi duba fuskar kafasita masu tarawa da ɗebewa, domin wadda aka juya tana kumbura ta fashe, shi ya sa tabarau na kariya ya zama dole. Ka girgiza casis a kife don guntayen waya da ɓurɓushin huda su zubo. Duk ramin da waya ta ratsa ya kasance da zoben roba, wayoyin B+ kuma masu rufin bolt 600.

Sannan ka haɗa kwan gwaji: kwan lantarki irin na da mai zare, wat 40 zuwa 60, a jere da waya mai wuta, cikin akwatin roba rufaffe. Kwan LED ba ya wannan aiki. In komai lafiya, kwan zai ɗan haska sannan ya dushe. In ya haska tar ya tsaya haka, akwai inda waya ta haɗe, kuma kwan ya shanye wutar da za ta ƙona taransifomarka. Fara ba tare da bawul ko ɗaya ba, ka auna bolt 6.3 na ɗumama da sauran abin da taransifoma ke fitarwa. Kashe, zare, sauke wuta, auna, sannan ka sa bawul. Kada ka bar 5Y3 shi kaɗai ya daɗe, domin in babu mai shan wuta B+ yana hawa har ya iya wuce abin da kafasita za ta jure. Kuma kada ka taɓa kunna ta da bawul ba lasifika ko razistar da ke madadinta, don taransifomar sauti na iya yin tartsatsi a cikinta ta lalace. Ka zuba ido a kan farantin da ke cikin 6V6. Hasken zare a tsakiya daidai ne, amma in farantin toka-tokan ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Hancinka ma ma'aikaci ne, ƙaurin fenti ko roba ya isa dalilin kashewa.

Sauran ƙananan abubuwa ka riga ka san su daga aikinka na baya. Bakin ƙarfen dalma yana wajen digiri 350, hayaƙin da ke tashi na ƙaron da ke cikin dalmar ne kuma yana iya jawo asma, don haka iska ta riƙa ratsa ɗakin, ka wanke hannu kafin ka ci wani abu. Kwalbar bawul tana ƙuna ƙwarai, akwatin ya sami hanyar iska da shinge a baya saboda yara.

To, ka fara ko kada ka fara?

Ra'ayina shi ne ka fara, amma da tsani. Tunda ka iya dalma, ka haɗa ƙaramar amfilifaya marar bawul, mai ɗan guntun ƙara sautin nan da ake kira LM386, da batir na bolt 9 in ba ka taɓa yi ba, kuma a kanta ka saba da ɗabi'un nan: matsi kafin kunnawa, hannu ɗaya, awo kafin taɓawa. A inda kuskure ba ya ciwo ake koyon su, har hannu ya riƙa yi da kansa. Daga nan ka sayi Champ a matsayin kayan haɗi cikakku masu takardar bayani, maimakon tsinto sassa nan da can, saboda an riga an daidaita taransifoma da fiyus da kafasita.

Abin da ba zan iya yi maka daga nesa ba shi ne ganin aikinka. Rubutu ba ya hango dalmar da ba ta kama ba, ko zaren waya ɗaya da ya leƙo kusa da casis. Ka nemi wanda ya saba da gyaran kayan bawul ko ƙwararren mai lantarki ya duba ɓangaren wutar bango kafin kunnawar farko, ya tsaya tare da kai ranar. Ko bayan nan kada ka yi aiki a kan wuta kai kaɗai a gida, ko da gajiya, ko cikin fushin abin ya ƙi yi. Wanda ke kusa ya san inda zai yanke wuta, ya san cewa ba a kama wanda wuta ta riƙe sai an yanke ta, ya san lambar neman agajin gaggawa, in da hali ya iya danna ƙirji. In wuta ta ja ka ta ratsa ƙirji, ko ka ji jiri ko bugun zuciya ya sauya, ka je asibiti ko da kana jin ka warware. In kuma kana da ciwon zuciya ko an dasa maka na'urar daidaita bugunta, wannan ba hurumina ba ne, likitanka za ka tambaya kafin ka sayi ko da razista ɗaya.

In ka haɗa sandar sauke wutar da kwan gwajin, ka turo mini hoton cikin casis ɗin kafin ka kunna, musamman kusurwar da kebul ya shigo, in ga yadda ka ɗaure atin.